Kafin a ce kwamfuta ta mutu: abin da ƙarin ram ke yi wa ƙananan kwamfutocin ofis a Nguru da Gashuwa

Duk wanda ya taɓa zuwa karɓar takarda a wani ofishi a Nguru ko Gashuwa ya san irin wannan zama. Mutane sun cika benci, ma'aikaci yana gaban kwamfuta, shi da su duk sun zuba wa wata 'yar da'ira ido tana ta juyawa a allo. Idan jiran ya yi tsawo sai a ɗora laifin a kan sabis. Wani lokaci hakan gaskiya ne. Sau da yawa kuwa sabis ɗin lafiyarsa ƙalau, akwatin da ke kan teburin ne ya gaza ɗaukar aikin da aka ɗora masa.

Abin da kan biyo baya ma sananne ne. A rubuta takarda cewa kwamfutar ta tsufa, ana neman sabuwa. Takardar ta nufi Damaturu ko Abuja, ta shiga layin jiran kasafin kuɗi, akwatin kuma a kai shi sito ya kwanta cikin ƙura. Alhali da yawa daga cikin waɗannan kwamfutoci ba abin da suke nema face wani ɗan falle da tsawonsa bai kai santimita 7 ba, wanda masu gyara ke kira ram. Sanin lokacin da wannan falle zai wadatar, da lokacin da ba zai wadatar ba, shi ne bambanci tsakanin kashe kuɗi kaɗan cikin mako guda da jiran shekara guda ana neman kuɗi masu yawa.

Dalilin da ya sa batun ya fi nauyi a arewacin Yobe

Nguru ita ce ƙarshen layin dogon da ya taso daga Kano, wanda ya iso garin a 1930 ya mayar da shi matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro. Har yau hulɗar kasuwancinta ta fi karkata ga Kano, ta hanyar Birniwa da Haɗejiya. A nan Cibiyar Lafiya ta Tarayya take. Gashuwa kuwa, hedikwatar masarautar Bade a bakin kogin Yobe, ita ce mazaunin Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman. Ga ofisoshin ƙananan hukumomi, ga na hukumomin tarayya, ga makarantu da shagunan buga takardu da ke rayuwa da aikin ɗalibai. Dukansu aikinsu ya rataya a kan kwamfuta.

Nauyin aikin kuma ƙaruwa yake yi. Albashin ma'aikatan tarayya da dama yana bi ta IPPIS, biyan kuɗin gwamnati yana bi ta GIFMIS da Remita. JAMB ta koma jarrabawa ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma a watan Afrilun 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya umarci WAEC da NECO su bi sahu zuwa 2026. Ofishin shugabar ma'aikatan tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ya sanya 31 ga Disamba 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su rabu da fayil na takarda. Duk shawarar da aka yanke irin wannan a Abuja, a kan wani teburi take sauka a can nesa, kan kwamfutar da wataƙila an saya shekara bakwai ko takwas da suka wuce.

A irin waɗannan wurare ƙaramar kwamfutar tebur ta samu karɓuwa, kuma da dalili. Ana nufin irin su Dell OptiPlex Micro, da HP EliteDesk Mini, da Lenovo ThinkCentre Tiny, waɗanda girmansu bai wuce na littafi mai kauri ba, har ana maƙala su a bayan allo. Yawancinsu cajar wat 65 ko 90 suke amfani da ita, kuma a aikin rubutu na yau da kullum ba sa cin ko rabin wannan. Inda ake dogaro da sola da inbata da janareta, wannan ba ƙaramin abu ba ne: batirin da zai ɗauki manyan akwatuna biyu na zamanin da zai iya ɗaukar ƙananan da yawa. Sannan kamfanoni a Turai da Amurka suna sauya su bayan 'yan shekaru, don haka na hannu suna cika kasuwannin Ikeja da Kano da Abuja a farashi mai sauƙi. Matsalar ita ce da yawa suna isowa da ram na giga 4 kacal.

Teburi da ɗakin fayil

A bakin mutane kalmar memori ta fi nufin wurin ajiye hotuna da takardu, kamar katin da ake saka wa waya. Ram wani abu ne daban, kuma ma'aikacin gwamnati zai fi kowa saurin gane shi. Faifan ajiya na kwamfuta kamar ɗakin fayil ne: komai na nan a jere, ko an tashi daga aiki yana nan. Ram kuwa teburin ma'aikaci ne, inda ake baje fayilolin da ake aiki a kansu yanzu. Da an kashe wuta sai teburin ya koma wayam.

Idan teburin ƙarami ne, fayil uku sun cika shi. Kafin a buɗe na huɗu sai masinja ya mayar da ɗaya ɗakin fayil, idan an sake buƙatarsa ya sake ɗaukowa. Haka Windows take yi idan ram ya cika: tana kwashe wani ɓangare na aikin zuwa faifan ajiya, ta dawo da shi idan an nema. Tsohon faifai mai juyawa ya fi ram jinkirin amsawa da ninki dubbai. Wannan kai-komon shi ne da'irar da mutanen benci ke kallo.

Giga 4 shi ne mafi ƙanƙantar abin da Microsoft ta ƙayyade wa Windows 11, wato abin da zai sa ta tashi kawai. Manhajar kanta da ta kariya daga ƙwayoyin cuta suna cinye kaso mai yawa tun kafin a buɗe komai. Ƙananan kwamfutocin nan kuma ba su da katin hoto na daban, don haka ɓangaren hoto ma daga ram ɗin yake yankar rabonsa. Ma'aikaci ya buɗe Chrome da shafuka goma, ya buɗe Excel, ya haɗa na'urar kwafar takardu, sai wuri ya ƙare. Giga 8 yakan wadatar da aikin ofis mai sauƙi. Giga 16 ya fi dacewa da mai aikin lissafi da manyan jadawali ko mai yawan taro ta bidiyo.

A fara da bincike

Likita ba ya rubuta magani kafin awo. Hanyar awon tana cikin kwamfutar kuma kyauta ce. A lokacin da aiki ya yi nauyi, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, a shiga sashen da ke nuna yadda na'urar ke aiki. A nan za a ga yawan ram ɗin da ke ciki, nawa ake amfani da shi, saurinsa, da ko gurbi ɗaya aka cika ko biyu.

Idan ram yana kaiwa kashi 85 ko 90 cikin ɗari a kullum, ƙari zai yi amfani nan take. Idan kuwa rabinsa kawai ake ci amma faifan ajiya yana tsaye a kashi ɗari, faifan ne matsalar, kuma maganinsa sauya shi da SSD. Idan duka biyun lafiya suke amma fanka na ta ihu, to zafi ne. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a wannan yanki, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe hanyar iska, sai masarrafin kwamfutar ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Wannan busa ƙura kawai yake nema. Akwai kuma tsofaffin kwamfutoci da aka saka wa Windows mai bit 32, wadda ba ta iya amfani da abin da ya haura giga 4 ko da an cika gurabun duka. Sai an sake saka mai bit 64.

Falle ɗaya, iri-iri

A nan kuɗi suka fi salwanta. Mai ofis a Gashuwa yakan aika saƙo Kano, titin Beirut ko Farm Centre, a sayo ram a ba direban mota ya kawo. Idan aka aiko wanda bai dace ba, mayar da shi wata tafiya ce, wani lokaci ma mai shago ya ƙi karɓa. Don haka a san abubuwa uku kafin a aika.

Na farko siffa. Ƙananan kwamfutocin nan gajeren falle suke ɗauka, irin na kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda ake kira SO-DIMM. Masu matsakaicin girma da manyan akwatuna kuwa dogo suke ɗauka, mai kimanin santimita 13. Kamfani ɗaya yakan fitar da lamba ɗaya cikin girma uku, don haka faɗin lambar kaɗai bai isa ba.

Na biyu zamani. DDR3 ya fito a 2007, DDR4 a 2014, DDR5 kuma ya shiga kasuwa sosai daga 2021. Gajeren falle na DDR3 haƙora 204 gare shi, na DDR4 260, na DDR5 262, kuma tsagin da ke tsakanin haƙoran yana wuri daban a kowanne don kada a saka wani a gurbin wani. Wanda ya tilasta shi zai karya gurbin, gurbi kuma a jikin babban allon kwamfutar yake. Misali mai koyarwa shi ne Dell OptiPlex 3040 da 7040: sa'o'in juna ne, kamanninsu kusan ɗaya, amma ta farko DDR3L take ɗauka, ta biyu DDR4. Harafin L ɗin nan ma yana da ma'ana, domin DDR3L da bolt 1.35 yake aiki, DDR3 na asali kuwa 1.5, kuma kwamfutar da aka yi don na farkon tana iya ƙin tashi da na biyun.

Na uku iyaka. Kowane samfuri yana da adadin da ba ya wucewa, kuma yana rubuce a littafin da kamfanin ya wallafa. Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe akwatin, a ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin fallen da ke ciki, a tura wa mai shago ta WhatsApp. Rubutun PC3L yana nufin DDR3L, PC4 yana nufin DDR4. Idan akwai hali, falle biyu masu girma ɗaya sun fi guda ɗaya babba, domin kwamfutar tana karanta su lokaci guda ta hanyoyi biyu. Idan aka haɗa masu sauri daban, dukansu za su bi gudun mai jinkirin.

Yadda ake sakawa, da haɗarin hunturu

Aikin kansa bai kai minti goma sha biyar ba. A kashe kwamfutar, a zare caja, a danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar ta fita. Yawancinsu kusa ɗaya ce a baya, ana kwance ta da yatsa a zame murfin. A ƙananan Dell da HP gurabun kan kasance ƙarƙashin fanka, a wasu samfuran Lenovo kuwa ta ƙasan akwatin ake buɗewa. A tura 'yan maƙallan gefe biyu waje, tsohon fallen zai ɗago da kansa. A riƙe sabon ta gefunansa, a daidaita tsagin, a zura shi a karkace, sannan a danna ƙasa har maƙallan su kama.

Akwai haɗari ɗaya da ya fi yawa a wannan yanki. Kowa ya san yadda mutum kan ji ɗan jan wuta idan ya taɓa ƙofar mota a lokacin hunturu. Busasshiyar iska ce ke sa wuta ta taru a jiki da tufafi, kuma wadda ba ta kai a ji ta ba ma tana iya lalata falle. Don haka a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa ram, kada a yi aikin a kan darduma ko bargo, kada a taɓa haƙoran, kuma a bar fallen cikin ledarsa har lokacin sakawa. Tunda an riga an buɗe, a busa ƙurar fanka.

Bayan an kunna, wasu kwamfutocin za su nuna saƙon cewa adadin ram ya sauya, wannan daidai ne. A tabbatar da adadin a Task Manager, sannan a gwada lafiyar fallen da manhajar gwajin ram da ke cikin Windows, ko da MemTest86. A yi wannan tun ranar farko, domin a kasuwar kayan hannu akan samu falle mai rauni ko wanda aka sauya wa takarda, kuma garantin mai shago kwanakinsa ƙidayayyu ne.

Inda ƙari ba zai kai ba

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Akwai tsarin ƙarin gyaran tsaro da hukumomi za su iya saya har tsawon shekara uku, amma mafita ce ta wucin gadi. Windows 11 kuwa, ban da ram, tana buƙatar ɓangaren tsaro na TPM 2.0, kuma idan masarrafin na Intel ne, ya kasance daga zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. A aikace OptiPlex 7060, da EliteDesk 800 G4, da ThinkCentre M720q sun tsallake. 7050, da G3, da M710q ba su tsallake ba.

Wannan layi ne ya kamata ya raba shawara gida biyu. Kwamfutar da ta tsallake ta cancanci a kashe mata kuɗi, domin da ram na giga 8 ko 16 da SSD za ta ƙara shekaru tana aiki. Wadda ba ta tsallake ba za ta iya ci gaba da amfani a ajin koyon rubutu, ko a saka mata Linux, amma bai dace a bar ta a kan bayanan albashi ko na marasa lafiya ba tana haɗe da intanet babu gyaran tsaro.

Kasuwar duniya ma ta sa baki. Kamfanoni uku, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, su ne ke yin mafi yawan ram ɗin duniya. A 2025 sun karkata ga irin wanda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira ke nema, suna rage yin DDR4, farashi kuma ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen shekarar. A watan Disamba Micron ta sanar da cewa za ta rufe Crucial, reshenta mai sayar wa ɗaiɗaikun mutane. Tsadar ba ta tsaya ga falle ba, tana shiga farashin sabuwar kwamfuta ma. Darasin ga ofisoshi a bayyane yake: akwatunan da ke kwance a sito dukiya ne. Kwamfutoci biyu masu giga 4 iri ɗaya, ɗaya ta mutu ɗaya tana ɗingishi, za su iya zama guda ɗaya mai giga 8 ba tare da an sayi komai ba.

Abin da ya rage ga masu riƙe da alƙalami

Kayan gwamnati ba a buɗe su da ka. Falle abu ne ƙarami mai tsada, yana shiga aljihu, kuma ana iya musanya na giga 8 da na giga 4 ba wanda ya lura sai bayan watanni. Don haka littafin kayan ofis ya kamata ya nuna lambar kowace kwamfuta tare da adadin ram da girman faifanta. Duk sauyi a yi shi da rubutaccen izini, a gaban jami'in sito, abin da aka cire kuma a shigar da shi littafi. Wannan kariya ce ga ma'aikacin kansa ranar da masu binciken kuɗi suka zo.

Akwai kuma batun sirri. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa hukumomi alhakin bayanan mutanen da ke hannunsu. Kwamfutar da aka ɗora a mota zuwa shagon gyara a wani gari tana tafiya da duk abin da ke faifanta. Ƙarin ram bai buƙatar haka. Fallen ne zai zo wurin kwamfutar, kuma tsohon da aka cire ba ya riƙe komai bayan an kashe wuta.

Babban alhaki yana kan masu rubuta ƙa'idojin saye da hadiman da ke tsara ayyukan mazaɓu. Cibiyoyin kwamfuta da ake kafa wa makarantu da matasa suna daga cikin ayyukan da aka fi yawan gani, kuma jimla biyu a takardar kwangila za su iya ƙara musu shekaru: cewa ram ɗin kada ya gaza giga 8, kuma ya zama mai cirewa, da gurbi biyu. Ba kowace ƙaramar kwamfuta ke da wannan ba. Mac mini na Apple, tun daga samfurin 2020, ram ɗinsa a haɗe yake da masarrafi, abin da aka saya da shi da shi za a ƙare, kuma wasu masu araha ma manne musu ake yi. Ranar karɓar kaya kuma kada a tsaya ga rubutun kwali. A kunna kowace ɗaya a duba.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 kan sharar kayan lantarki ya nuna duniya ta zubar da tan miliyan 62 a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. Kowane akwati da aka yanke wa hukunci kafin lokacinsa yana ƙara wannan tudu. Amma ga mai jiran kati a asibiti ko ɗalibin da ke son buga takardar jarrabawa kafin motar ƙauyensu ta tashi, lissafin ya fi wannan kusa. Takardar neman sabuwar kwamfuta za ta iya ci gaba da tafiyarta zuwa Abuja. Kafin ta dawo, ya kamata wani ya danna maɓallai ukun nan ya ga abin da akwatin ke nema.